Ga ƙannena masu zane da suke son komawa aikin lafiyar ƙwaƙwalwa

Salamu alaikum. Cikin watan nan yara uku ne suka same ni da magana ɗaya, wai yaya, na gaji da CorelDraw da Photoshop, Canva manhajar da kowa ke haɗa zanensa da kansa ta kashe mana kasuwa, ga AI ta zo ta ƙarasa, ni ma kansilin, wato aikin sauraron masu damuwa da ba su shawara, zan koma kamar kai. To bari in amsa muku gaba ɗaya a nan.

Ni ma daga shagon zane na fito a Zoo Road nan Kano, shekaru ina haɗa fostar 'yan takara da istikar biki da kalanda, kuma gaskiya a kan wannan bencin na fara gane mutane cike suke da magana, wani zai zo a yi masa katin ɗaurin aure kafin a gama firintin ya ba ka labarin bashin da ya hana shi barci wata biyu. Niyyarku mai kyau ce kuma garin nan yana buƙata, duk wanda ya ga abin da tiramol da kodin suka yi wa samarin unguwanni tun kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ya san haka.

Amma dan Allah tausayi ba satifiket ba ne. Abin da yake ɗaga min hankali shi ne mutum ya yi kwas na sati biyu a intanet, ya zana wa kansa logo mai kyau tunda aikinsa ne, ya buɗe shafi a Instagram ya fara karɓar masu ciwon damuwa ta inbos. Wallahi wannan ganganci ne. A zane in ka ɓata aiki Ctrl Z za ka danna ya koma yadda yake, ko kwastoma ya yi faɗa ka sake buga masa, asarar takarda ce da tawada. A nan kalma ɗaya za ka gaya wa yarinyar da take tunanin kashe kanta, babu maɓallin da zai dawo da ita.

Ku je ku yi karatun. A Jami'ar Bayero (BUK) ana karatun jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilimi, amma ku sani ya fi karkata ga makarantu da ɗalibai, mai son aikin asibiti hanyar ilimin halayyar ɗan Adam zai bi kuma ta fi tsawo. Ko ka gama sai ka zauna ƙarƙashin wanda ya riga ka yana duba aikinka. Kuma mai ba da shawara ba ya rubuta magani, na likita ne wannan. In mutum ya fara jin muryoyi, ko kwana da kwanaki ba barci yana surutai, ko ya ambaci kashe kansa, ka kira 'yan uwansa a nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano a ranar. In sun ce su ruƙiyya za su yi kar ka yi musu gardama, addu'a ba ta hana ganin likita, a haɗa duka. Ga doka ma yanzu, a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, marasa lafiyar nan suna da haƙƙi a rubuce.

Abin da ya fi ba ni wahala kuwa halin mai zane ne da ya bi ni. Mun saba a kawo matsala yau mu miƙa aiki ranar Juma'a, to a farkon fitata aikin gwaji wani bawan Allah yana magana ni kuma kaina yana ta tsara masa mafita, na katse shi na jero masa shawarwari, ya yi godiya ya tafi bai sake dawowa ba. Malamar da take duba ni ta ce ai bai zo ka gyara shi ba, ya zo ne a saurare shi. Na daɗe ina jin kunyar ranar.

Sai sirri. Mu da muka saba duk aikin da ya yi kyau sai mun ɗora a sitatus, a nan babu wannan ko da ka cire suna, Kano ƙarama ce in ana maganar gane mutum, ka ce wata matar aure a Gwammaja mai 'ya'ya huɗu an gama ganewa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Maganar kuɗi kuma kar ku saki reshe ku kama ganye. Mutanenmu ba su saba biyan kuɗi don an saurare su ba, kai wasu in ka ce kansila ne kai sai su tambaye ka na wace mazaɓa. Kar ka sayar da laftof ɗinka, ni da kuɗin istika da banar kamfen na biya rajistar makaranta, har yau ma in aiki ya shigo da daddare ina yi.