Ciwon da sai a Ingila aka gaya mini sunansa

A daren 5 ga watan Nuwamban bara ina tsaye a wurin jiran bas a wani gari na arewacin Ingila, na tashi daga aiki ke nan, sai sama ta ɗauki ƙara. Dare ne da mutanen ƙasar ke tunawa da yunƙurin da Guy Fawkes da abokansa suka yi na tarwatsa majalisar dokoki a shekarar 1605, kuma suna raya shi ne da harba wutar wasa tun faɗuwar rana, wadda a wannan lokaci take faɗuwa kafin ƙarfe biyar, har dare ya raba. Kowane bayan gida da kowane fili na harba tasa, iska ta turnuƙe da hayaƙi da warin albarushi, yara cikin rigunan sanyi suna ta shewa. Na san daren na tafe, amma sanin bai tsinana mini komai ba. Ban farga ba sai ga ni kwance a ƙarƙashin bencin ƙarfe, hannuwana a ƙeya, ina jin ƙaurin taya da salatin direba, daidai yadda na ji su shekara tara da suka wuce, ranar da 'yan bindiga suka tare motarmu.

Wata dattijuwa ta tsuguna ɗan nesa da ni, ba ta taɓa ni ba, ta ce in lissafa mata abubuwa biyar da idona ke gani. Na ambaci jan takalminta, da allon jadawalin bas, da wata lema da aka yar, har numfashina ya fara daidaita. Sannan ta ce mijinta tsohon soja ne da ya yi yaƙin Iraƙi, shi ma a irin wannan dare rufe tagogi yake yi ya toshe kunnuwansa. Ko da wasa ba ta tambaye ni abin da ya taɓa samuna ba.

Washegari na kira Yaya na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Haba ƙanena, har yanzu? Ai Allah ya kuɓutar da kai, sai ka gode masa ka manta." Ban ga laifinsa ba, domin abin da aka gaya mana ke nan tun muna yara, amma maganar ta fi faɗuwar da na yi zafi.

Likitoci na kiran abin PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Wadda ta duba ni ta yi mini bayanin cewa akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da aikinsa gadi ne, kuma idan ya taɓa ganin mutuwa ƙuru-ƙuru yakan zama kamar mai gadin da ɓarayi suka taɓa ɗaurewa, ko kyanwa ce ta gifta sai ya busa usur, zuciya ta hau bugawa, jiki ya shirya gudu tun hankali bai kai ga tantance abin da ke faruwa ba. Daga nan ne mugun mafarki ke fitowa, da zabura, da rashin barci, da saurin fushi, da gudun duk abin da ke tuna wa mutum da ranar. Ba a kiran sa ciwo sai alamun sun haura wata guda suna hana mutum harkokinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mutane kan gamu da mummunan tashin hankali a rayuwa, amma kashi 5.6 ne kacal daga cikinsu ciwon ke kamawa, abin da ya sa na fahimci dalilin da wasu da muke mota ɗaya suka ci gaba da tafiye-tafiyensu, ni kuwa na yi shekaru ban iya zama a kujerar baya da dare ba.

Gaskiya ne cewa su ma Turawan ba da wannan sani aka haife su ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen daga da ragwanci, alhali ana kyautata zaton da damansu wannan ciwo ne ke damun su, kuma sai a 2006 aka yi musu afuwa. Sunan ciwon ma bai shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai a 1980, bayan dawowar sojojin Biyetnam. To, amma sun gyara, mu kuwa har gobe kun san sunayen da muke laƙaba wa mai irin wannan hali, kuma babu na alheri a ciki. Wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a kuma mu kai shi a yi masa ɗori, ban ga dalilin da wanda ya karye a ciki za a sallame shi da "yi haƙuri" kaɗai ba.

Zama goma sha biyu na yi da mai ba da magani ta hanyar zantawa, kuma babu daɗi a cikinsu. Ta sa na maimaita labarin ranar daki-daki, na naɗe shi a waya ina saurare a gida, har ya fara komawa abin da ya wuce maimakon abin da ke faruwa yanzu. Ta nuna mini cewa gudun da nake yi ne ke ciyar da tsoron, saboda haka na koma shiga mota da dare, da farko na minti biyar kawai. Mafarkin ya ragu ƙwarai, ko da yake bai tafi gaba ɗaya ba.

Sai dai ita ce kuma ta gaya mini cewa samun mutane a kusa bayan tashin hankali na daga cikin manyan abubuwan da ke kare mutum daga wannan ciwo, kuma a nan ne hujjata ke yin rauni. Watanni uku na farko bayan harin ban taɓa kwana ni kaɗai ba. Yayan nan da maganarsa ta ɓata mini rai shi ne yake shimfiɗa a ƙofar ɗakina, in na yi ihu cikin barci ya tashi ya riƙe kafaɗata yana kiran sunana har in dawo, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba. A nan ina da sunan ciwona da takardar likita, amma in na zabura ƙarfe uku na dare ƙugin firiji kaɗai ke amsa mini.

Nuwamba ta sake ƙaratowa. Na sayi abin toshe kunne, na nemi a mayar da ni aikin safe a makon, an kuma amince ba tare da dogon bincike ba. Na kuma roƙi Yaya ya zauna da ni a waya a daren, daga magariba har ƙarar ta lafa. Bai tambayi dalili ba, cewa ya yi zai tabbatar wayarsa na da caji.