Direba ya ci kyauta, fasinja ya biya kuɗin kwano biyu

Wallahi na gaji. Shekara 11 ina bin hanyar Kano zuwa Legas saro kaya. Na ga fashewar taya, na ga tsinkewar burki, na kwana a Koton Ƙarfe lokacin da ambaliyar 2022 ta datse hanya, duk na shanye na ce ƙaddara ce. Amma abin da ake mana a wajen cin abinci ba ƙaddara ba ce. Mutane ne suka zauna suka ƙulla shi, kuma mu fasinjoji su suke kora mu kamar tumakin da za a kai kara.

Makon jiya muka tashi daga Kano wajen ƙarfe 7 na safe a motar Homa, mu 18 ban da yara, an cusa mu kamar kifin gwangwani. Duk mai bin hanyar nan ya san abinci ba ya wuya a kanta. Tun daga Kura za ka fara ganin masu koko da ƙosai. Kwanar Ɗangora ga waina tana tururi a tanda. Zariya ba a magana. Mararrabar Jos ga masu shayi da ƙwai, ga dafaffen dankali, ga masa, kowa da daidai aljihunsa. Mai naira 500 zai ci ya ƙoshi, mai 1,000 har ya rage na gaba. Direbanmu ko waiwaye bai yi ba. Sai dai mu bi abinci da ido ta gilashi yana wucewa.

Kusa da ni wani dattijo ne, zai je wajen ɗansa a Agege, yana da ciwon suga. Muna barin Zariya ya ce, "Ɗana, don girman Allah ka ɗan tsaya in sami abin da zan sa a cikina, akwai maganin da zan sha." Direba ya ce, "Baba ka yi haƙuri, akwai inda muke tsayawa." Muka wuce Kaduna, ya sake roƙo. Amsar ita ce dai. Aka shiga ramukan titin Abuja, titin da aka fara gyaransa tun 2018, mota tana rarrafe, rana ta take. Azahar aka tsaya a wani gidan mai, yaron mota yana buga ƙofa yana cewa minti 10, wanda bai shigo ba ya sani. Muka yi ƙasaru a tsaitsaye. Tafa, inda manyan motoci ke ya da zango kuma tuwo yake da arha, nan ma fiii muka wuce. Hannun Baba ya fara rawa. Wata Hajiya da ke bayanmu ce ta miƙo masa dabino uku da guntun burodi, Allah Ya saka mata.

Sai da muka haye gadar Jamata muka doshi Lokoja, la'asar sakaliya, sannan aka karya kan mota aka shiga "inda muke tsayawa". To ga wurin: fili ne a bayan gari, an kewaye shi da katanga, akwai maigadi a ƙofa. Ba wani shago kusa, ba wata mai abinci sai ta ciki. 'Yan tallan da suka biyo mu da gudu da soyayyen kifi da ayaba da burodi, maigadi ya ɗaga musu sanda, suka tsaya can bakin titi suna leƙe. Ka gane dabarar? An bar ka da yunwa awa 10 sai da idonka ya raina fata, sannan aka kawo ka inda ba ka da zaɓi.

Na shiga layi na ce a zuba mini shinkafa da miya. Na tambayi kuɗi, yarinyar ta yi kamar ba ta ji ba. Aka miƙo faranti. Shinkafa ludayi biyu ce, an baje ta da bayan cokali don ta rufe gindin farantin. Ta kwana, domin gefenta ya bushe ya yi ƙanƙam, tsakiyarta kuma sanyi ƙalau. Miyar jan ruwa ce kawai, mai ya raba gari da ita yana yawo a sama, ba ɗanɗanon tumatir, ba na albasa, sai yaji mai kama maƙogwaro. Naman kuwa, na rantse da Allah maɓallin babbar rigata ya fi shi girma, kuma da na ciza sai na ji jijiya ce. Na ci don dole. Da na zo biya aka ce naira 3,500. Ruwan roba 500. Na ce a ba ni na leda, aka ce ba sa sayarwa. Na ce zan yi taransfa, aka ce ba sabis, in je wajen mai POS. Mai POS ɗin a cikin katangar yake, ya cire nasa kason. Na je kama ruwa, wani yaro ya tare ƙofa, naira 200, ban da kuɗin buta. Banɗakin kuma ba zan kwatanta shi ba, wataƙila wani yana cin abinci yake karanta wannan.

Ina fitowa sai na hango direbanmu ta labulen wani ɗaki na ciki. Fanka tana kaɗa shi, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Gabansa malmalar sakwara biyu, miyar agushi ta ji ganda da kifi, ga farfesun kayan ciki a gefe, ga lemo yana raɓa. Yaron motarsa na kusa yana fama da cinyar kaza. Da suka gama aka biyo su da leda biyu ta tafi-da-gidanka, kuma ban ga hannun ɗayansu ya shiga aljihu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kowa a hanyar nan ya san direban da ya kawo mota cike ba ya biyan ko sisi, wani wurin ma har ɗan na goro ake damƙa masa. To wa ya biya sakwarar? Ni da Baba da Hajiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai wata mata ce mai yara uku. Ta tambayi kuɗin faranti, ta ji, ta juya ta ƙirga abin da ke ƙulle a bakin zaninta, sannan ta sayi ɗaya tal. Suka zauna a kan dakali su huɗu. Ta riƙa ba su loma-loma da hannu, ita ko sau ɗaya ba ta kai bakinta ba. Da babban ya ce, "Umma ke fa?" sai ta ce ta ƙoshi. Ita da muka taso tare tun safe, me ta ci da za ta ƙoshi? Da an tsaya mata a Mararraba, kuɗin farantin nan ya ishe su su huɗu har da canji.

Na san abin da za a ce: komai ya yi tsada. Ai ni ɗan kasuwa ne, ba sai an karanta mini ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Buhun shinkafa ya kai dubu 80 har sama a shekarar. Direba ma yana da nasa kukan, ga balas ɗin mai mota, ga 'yan kamasho, ga masu shinge da ba sa ƙirguwa daga Zuba zuwa Ibadan, kowa da miƙa hannu. Ban ƙi ba. Amma mai wainar Kwanar Ɗangora a wata ƙasar take sayen shinkafa? Mai tuwon Tafa ba ita ma da tsadar take sayen itace da mai ba? Me ya sa nata ake ci a ƙoshi da kuɗi kaɗan? Don tana da abokan gasa a hagu da dama, in ta tsawwala ka matsa gaba. Ta cikin katanga kuwa an kawo mata mu a ɗaure. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 70 ne tun Yulin 2024. Raba shi gida 30, bai kai 2,400 a rana ba. Wato wahalar yini guda ta ƙaramin ma'aikaci ba ta sayen wannan shinkafar da ta kwana.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Mun wuce Okene da dare, ana hawa ana gangara cikin duwatsu, cikina ya fara kiran ciroma, ba na yunwa ba, na tashin hankali. Ba ni kaɗai ba, mu huɗu ne, har da ƙaramin yaron matar nan. Muka ce direba ya tsaya. Ya ce a dajin nan? Ko uwarsa ce a motar ba zai taka burki ba, masu garkuwa na nan. A wannan kam gaskiyarsa, ban ga laifinsa ba. Haka muka daure, gumi yana keto mana, har sai da muka sami gari. Na biya kuɗi mai yawa na sayo wa kaina gudawa, washegari a Legas na ƙara da kuɗin magani da ruwan gishiri da sukari. Ina duba-gari? Da can har cikin gida suke shiga su buɗe randa su leƙa. Yanzu wuri yana ciyar da ɗaruruwan matafiya kullum, ba mai ɗaga murfin tukunya ya ga me ke ciki.

Daga Lokoja zuwa ƙasa kuma wata damuwar ce ta daban ga Musulmi: naman nan yankan wa ne? Ka tambaya a harare ka, kamar ka yi zagi. Da yawanmu sai mu ce a zuba ba nama, amma kuɗin ba ya raguwa.

Laifina ɗaya, kuma na karɓa: na raina guzuri. Da daddare kafin in yi tafiyar, uwargida ta ce, "Maigida, in haɗa maka dambun naman nan da gurasa?" Na ce ta bari, kaya sun yi yawa, zan ci a hanya. Ina zaune a dakalin nan maganarta ta dawo mini. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja fataucin goro, watanni suna tafe da jakuna, ba su taɓa dogara da tukunyar wani ba. Kilishi, dakuwa, ƙuli-ƙuli, garin fura, duk abincin da aka ƙirƙira don tafiya ne, ba ya lalacewa, ba ya nauyi, kaɗan ya riƙe ciki. Mu ne muka waye, muka ga ɗaukar ƙunshi ƙauyanci ne. Amma ko da guzurin, ba kowa yake iyawa ba. Kilishi yanzu abincin masu hali ne. Dattijo marar haƙora ba zai tauna ƙuli ba. Mai goyo tana buƙatar abu mai ɗumi. Wanda aka kira da tsakar dare aka ce mahaifinsa ba lafiya, yaushe ya ga ta soya nama? Don haka kada wani ya ce mini "ai sai ku riƙa tafiya da naku", kamar wannan ya wanke masu katanga.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Shugabannin tasha da ke karɓar kuɗin lodi a kan kowace mota su sa doka a tsaya inda masu abinci suke da yawa, kowa ya zaɓa. A rubuta farashi a allo, mutum ya gani kafin a zuba. In dattijo ko mai ciki ko marar lafiya ya ce a tsaya, a tsaya, minti 5 ba za ta hana isa Legas ba. Direba in kyauta yake so ya ci, ya je ya ci, amma ya sauke mu a kasuwa tukuna.

Da zan dawo ban yi wasa ba. A Agege na sayi burodi babba, na dafa ƙwai 6 a masaukina, na haɗa da soyayyar gyaɗa, garin kwaki da sukari a leda, dabino, da ruwan leda rabin jaka a ƙarƙashin kujera. Duka bai kai kuɗin faranti biyu na can ba, kuma ya kai ni har Kano, na ma ba maƙwabcina. Da aka shiga katangar, wata ce daban amma tsarin ɗaya, ban ko sauka ba. Na buɗe taga na jiƙa garina a kofi. Yaron mota ya fito daga ɗakin ciki yana sakace, ya leƙo ya ce, "Alhaji, ba za ka ci abinci ba ne?" Na ce masa, "Je ka gaya wa ubangidanka yau tunkiya ɗaya ta tsinke."