Ba saye ne wahalar ba, haɗawa ce

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar soja sun sayi sabuwar na'urar sadarwa shikenan, a kunna kawai a tafi fagen daga kamar wayar hannu. Wallahi ba haka abin yake ba. Sabuwar rediyo dole ta iya magana da tsohuwar da ke cikin tanka, da ta jirgi mai saukar ungulu, da kwamfutar kwamanda, kuma kowacce kamfaninta daban, makullin sirrinta daban, to a nan ake shan wuya.

Shi ya sa a 2011 sojan ƙasa na Amurka suka fara gwajin NIE, wato gwajin haɗa na'urorin sadarwa, a sansanoninsu na Fort Bliss da White Sands, birged guda a cikin hamada, sau biyu a shekara. Abin da yayi lafiya lau a ɗakin gwaji sai ka ga ƙura ta toshe shi, zafi ya cinye batir, soja yana haki da nauyin kaya a baya yana neman sigina a bayan tudu. Ga kuma abokan gaba da ke toshe sigina ko su bi ta su gano inda kake, wannan kam rai ne. Ko tsarin sadarwar sojan Amurka na WIN-T da ya lashe biliyoyin daloli, a 2017 aka yanke shawarar tsayar da sayen sa saboda irin waɗannan matsalolin.