Aiken Uwargida: Ni Da Takalmi Fulat

Da cikin uwargida ya shiga wata na bakwai, ƙafafunta suka kumbura, duk takalman lefe suka yi mata tawaye. Ga bikin ƙawarta ya matso, ga zuwa awo. Sai ta ce in biya kasuwa in sayo mata fulat. Na tambayi lamba, ta ce a da 40 take sawa, yanzu kuwa sai Allah. Ta zaro tsinken tsintsiya, ta gwada daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta karya daidai wurin, ta miƙo mini. Na jefa a aljihu, na tari adaidaita sahu sai Sabon Gari.

Ni a iya sanina takalmin mata iri biyu ne, mai ƙwas-ƙwas da marar ƙwas-ƙwas. Don haka da gadara na tsaya gaban wani shago na ce, "Malam, fulat na mata."

"Wane iri, Alhaji?"

Kafin in yi magana ya fara sauke kwalaye. Ga sau-ciki mai zagayen baki, mai laushin da za ka naɗe shi ka cusa a jaka. Ga mai tsinin baki, wanda ya ce ma'aikatan ofis ke rububinsa, ko da yake yana tara yatsu biyar a ɗakin mutum ɗaya. Ya ɗago wani mai rufaffen gaba, dunduniya a waje, ya ce sunansa haf-kofa. Sandal mai igiya a idon sawu, silifas mai duwatsun ƙyalli, na roba na shiga ruwan damina, duk ya baje a kan benci. Sannan ya ƙara mini wani aikin: ɗan Aba nake so, ko ɗan China, ko fata zalla aikin dukawanmu na Kano? Fata, in ji shi, tana buɗewa ta bi ƙafa, leda kuwa yadda ka saye ta haka za ta mutu. Kuma in duba ƙasan, ɗinki ne ko gam, don na gam ruwa da rana suna ɓamɓare shi.

Na ce bari mu fara da awo. Na sa hannu a aljihu, na fito da tsinke guntu uku. Matsatsin cikin adaidaita ya gama da shi. Abin da ya ƙara dagula lissafi, akwai tsinken sakacen da na baro a aljihun tun jiya, kuma duk kalarsu ɗaya. Muka jera biyu, mai shago ya ce wannan ƙafar 'yar firamare ce. Muka jera ukun, ya dube ni da tausayi ya ce, "Alhaji, Hajiyar soja ce?"

Dole na kira ta a bidiyo. Ashe gidan a cike yake.

Ita dai buɗaɗɗe take so, don ba za ta biya mai lalle ba sannan ta kulle zanen a cikin takalmi. Na nuna mai igiya, ta ce wa zai riƙa sunkuya mata yana ɗaurewa, ni? Na wuce da sauri. Na roba kuma ta ce a zafin Kano dafa ƙafa yake. Ƙanwarta ta fizge wayar ta ce, "Yaya, haf-kofa ake yayi, ka ɗauki ruwan ƙasan can." Daga can ciki muryar surukata ta taso, ta ce ko wanne ne a shafa ƙasansa tukuna, kada a kawo wa mai ciki mai santsi ta taka tayil. Nan na gyara tsayuwa na ce, "To, Mama," ina shafa gindin takalmi a tsakiyar kasuwa kamar mai taya rago.

Aka tsaya a kan haf-kofa na fata, lamba 41. Mai shago ya rantse zai buɗe.

Na isa gida bayan magariba, lokacin da kumburin ya fi tashi. Tsawo kam ya yi cif. Yatsu suka shiga lafiya, tudun ƙafa ya ce shi ba inda za shi. Tsinke tsawo yake aunawa, ba ruwansa da tudu. Muka tura, muka shafa man kaɗanya, ba labari. Ƙanwar tana gefe tana kallo, ta ce bari ta ga wani abu. Ta zura ƙafa, zuruf, ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo.

"Yaya, Allah ya ƙara buɗi."

Sai a lokacin na tuna wa ya zaɓi kalar.

Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta miƙa ƙafa ta jawo takalmina na Juma'a, mai faffaɗan maɗauri, lamba 43. Ta sa, ta miƙe, ta sauke ajiyar zuciya ta ce rabonta da jin daɗin takalmi haka tun kafin azumi. Da shi ta je awo, da shi ta je bikin.

Ni kuwa ranar Juma'a da silifas ɗin alwala na tafi masallaci, a ƙarƙashin shadda mai sitaci. Da aka sallame, maƙwabcina ya kalli ƙafata, ya kama hannuna ya ce in yi haƙuri, ɓarayin takalma sun yi yawa a unguwar nan. Na ce masa wallahi kuwa, har cikin gida suke shiga.