Daga allon Twitch zuwa bakin yara: waye mai kalmar?

A 2023 masu ƙamus na Oxford suka zaɓi "rizz" a matsayin kalmar shekara, wato iya jan hankalin wanda kake so da daɗin baki. Wanda ya fi kowa yaɗa ta shi ne Kai Cenat, matashi ɗan New York mai watsa shiri kai tsaye a Twitch, dandalin da aka buɗe a 2011, Amazon ya saye shi a 2014.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Mai shiri yana zaune gaban kyamara sa'o'i da yawa, dubban masu kallo suna ta zuba rubutu a gefen allo, saƙo na korar saƙo kafin a gama karanta shi. A irin wannan hayaniya doguwar jimla ba ta da wuri, gajeriyar kalma ce ke tsira. Sai wani ya yanko daƙiƙa 20 ya ɗora a TikTok, yaron da bai taɓa buɗe Twitch ba ya ji, gobe ya kai ta makaranta. Haka "Fanum tax" ta fita, daga ɗabi'ar Fanum, abokin Cenat, ta ɗiban abincin mutane. Har akwai yaran da ke kiran abokansu "chat" ido da ido, sunan da masu shiri ke kiran masu kallon da ke yi musu rubutu, kamar wasu 'yan kallo ne ke biye da su, abin dariya abin tausayi.

Iyaye da malamai na kukan harshe ya lalace. Ni dai ban ga abin tayar da hankali ba. Kowane zamani da sararsa, kuma sara ba ta daɗewa a bakin matasa. Da zarar manya da masu talla sun kama ta, matasa sun yar.

Abin da ya fi damuna daban ne. Da yawa daga cikin kalmomin nan, irin su "no cap", wato "ba ƙarya", sun daɗe a bakin baƙaƙen fatar Amurka kafin intanet ta ɗauke su. Da suka bazu sai aka laƙaba musu "yaren 'yan intanet", aka shafe masu su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mutanen da aka daɗe ana raina maganarsu a aji da wurin neman aiki suna kallo, kamfanoni na sayar da kaya da ita.