Awa Uku, Inji Tikiti

Tikitin ne ya yaudare ni, ko in ce ni na yaudari kaina da shi. An rubuta tashi daga Landan ƙarfe 12 na rana, sauka a Toronto ƙarfe 3 na yamma. Na ƙirga da yatsu, na ce awa uku kacal, ashe Kanadar ma ba wani nisa gare ta ba. Ban san cewa kowane lokaci da ke jikin tikiti agogon garin da aka ambata ne ba, kuma Toronto tana bayan Landan da awa 5. Zaman awa 8 ne ke jirana, ni kuwa na ci kwalliya da sabon takalmi sau-ciki mai matse ƙafa.

Tun a filin jirgin farko aka fara rage mini kaya. Ina da kwalbar turare mai cin mililita 200, saura ɗan kaɗan a gindinta. Na yi ta nuna wa jami'in cewa ai ta kusa ƙarewa. Ya ce girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ke ciki ba, kuma tun 2006 ƙa'idar jakar hannu a yawancin filayen jirgi ita ce kada mazubi ya wuce mililita 100. Ina ji ina gani turarena ya shiga kwandon shara. Sai kuma aka sa na zazzage babbar jakata mai kilo 23 a gaban jama'a don ciro fawa bank, wai batirinsa na iya kamawa da wuta, dole ya zauna inda ido ke ganinsa.

Kujerar tsakiya na samu, ta wanda ba shi da gata. A damana wani dattijo ne sanye da silifas da safa mai tsawo, har na raina masa wayo a zuciyata. Da muka cika awa biyu da rabi a sama, na miƙe na fara sauko da jaka.

"Ɗan samari, ina zuwa?"

"Baba, ai mun kusa sauka."

Bai ce komai ba, ya danna allon da ke gabana. Ga ɗan jirginmu a taswira, tsakiyar Tekun Atlantika, ƙafa 35,000 a sama, sanyin waje ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, sauran tafiya awa 5 da rabi. Na mayar da jaka a hankali kamar dama gyara mata zama na tashi yi.

Daga nan jiki ya fara kawo ƙara. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, danshinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, leɓe ya tsage, maƙogwaro ya bushe. Ni kuma na ƙi shan ruwa don kada in riƙa tayar da mutane. Matsin iskar kamar na kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000 ne, shi ya sa iskar da ke cikin mutum take kumbura. Lemon kwalba biyu da na sha suka mayar da cikina ganga. Da abin ya ci tura na nufi banɗaki, na yi minti guda ina lalube cikin duhu-duhu, ashe sai an ja sakata fitila ke haskawa sosai. Na danna maɓallin kora ruwa, sai wata ƙara ta tashi, fuuu! Zuƙa yake yi da iska, ba ruwa yake kwararawa ba. Na dafe bango ina salati, na ɗauka na ɓalle wa jirgin gindi.

Da na dawo na cire takalmi, na ji daɗin duniya. Baba ya ce in riƙa tashi ina takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu, in kuma juya idon sawu, don dogon zama yana tara ruwa a ƙafa, wani har jini ke daskare masa a jijiya. Na ce to, na yi barcina.

Ciwon kunne ne ya tashe ni muna gangarowa, kamar ana soka mini tsinke. Matsin waje ya fi na cikin kunne, kuma mai barci ba ya haɗiyar yawu sosai balle hanyar ta buɗe. Baba ya miƙo cingam, ya ce in yi hamma, in toshe hanci in hura a hankali. Kunnen dama ya ce ɗas, na hagu ya ce sai gobe.

Sai takalmi. Ƙafar ta zama kamar ta aro. Na tura, na danna, na sa cokalin roba, cokalin ya karye. Haka na take bayan sabon takalmina, na ja shi ƙiii har layin jami'an shige da fice, ina karkata kai don in ji da kunne ɗaya. Baba ya zo wucewa da silifas ɗinsa, taku ɗai-ɗai, ya dubi ƙafata.

"Ɗan samari, awa ukun ta cika?"