Ku Daina Yi Wa Mai Hura Wuta Tafi

Jiya da daddare a teburin mai shayin unguwarmu na ga abin da ya hana ni barci. Wani yaro da bai fi shekara 20 ba ya kunna bidiyon wani ɗan siyasa yana kiran wata ƙabila ƙwari. Sai shewa, sai tafi, wani har yana cewa a tura masa. Kalaman mutumin sun ƙona min rai, amma wallahi dariyarku ta fi su ciwo.

Ƙannena, kun taɓa jin sunan Leon Mugesera? Ɗan boko ne na gaske, har digirin digirgir yana da shi, kuma jigo a jam'iyyar MRND mai mulkin Ruwanda a lokacin. Ranar 22 ga Nuwamba, 1992, ya hau dandamali a garin Kabaya ya kira 'yan Tutsi kyankyasai. Ya ce asalinsu Habasha ne, kuma ta kogin Nyabarongo za a mayar da su. Ya ce wanda ba ka yanke wa wuya ba shi zai yanke naka. Mutanen wurin me suka yi? Tafi, irin wanda kuka yi jiya. Magana zarar bunu ce. Ba a cika shekara biyu ba, a watan Afrilun 1994, gawarwaki suka fara bin wannan kogin da ya ambata, ruwa ya kwashe dubbai har tafkin Biktoriya, mutanen Yuganda suna tsamowa suna binnewa. Cikin kwana 100 an kashe kimanin mutum 800,000, yawancinsu Tutsi, tare da 'yan Hutu da suka ƙi goyon bayan kisan.

Su wa suka riƙe addar? Matasa ne irinku, 'yan Interahamwe, reshen samarin jam'iyya, waɗanda aka fara tarawa da waƙa da rawa da riguna masu launi. Gidan rediyon RTLM ma da kiɗa da barkwanci ya fara jan hankalin samari a 1993, ana jin "kyankyasai" ana dariya, har kunne ya saba. Ranar da aka ce a fita, maƙwabci ya sari maƙwabcinsa da suke aron gishiri. Shi kuwa mai jawabin tuni ya tsere Kanada. Sai a 2012 aka taso ƙeyarsa zuwa Kigali, a 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Kusan shekara ashirin yana shan iska a ƙasar waje, yaran da suka yi masa tafi kuwa wasu a kurkuku, wasu a sansanin gudun hijira a Kwango.

Kuma abin haushi, mai tafin nan na teburin mai shayi ko kuɗin shayinsa bai biya ba, an rubuta masa bashi. Duk kuɗinsa sun tafi a data da cacar ƙwallo, ga kwalbar maganin tari a aljihu, amma shi ne gwanin sanin wace ƙabila ce matsalar ƙasa. 'Ya'yan ɗan siyasar da ke cikin bidiyon suna makaranta a Ingila, kai kana nan kana tura masa bidiyo kyauta. Haba!

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ku ji tsoron Allah, ku kama bakinku da yatsunku, ku yi wa kanku faɗa.

Da can a unguwar nan, yaro ya zagi baƙo, dattijon da ke wucewa zai ja masa kunne kafin labari ya kai gida, uban kuma ya je ya yi godiya. Mahaifina ya yi shekaru yana ajiye kuɗinsa wurin wani maƙwabcinmu da ba yarenmu ɗaya ba, ba takarda, ba shaida. Jiya akwai dattawa biyu zaune a kan bencin nan. Ɗaya ya ci gaba da kurɓar shayinsa, ɗayan ya miƙa hannu ya ce a ba shi wayar shi ma ya gani.